Renon ƙaramin icce a cikin gida

 Hirarmu ta yau a kan icce take, iccen da mutum yake dasawa a tsakar gidansa ko a ƙofar gida.

Tun shekarar 1975 ƙasarmu Nijar take bikin dashen itatuwa ranar 3 ga watan Agusta. An soma shi bayan babban farin 1973 da 1974, wanda ya hallaka dabbobi da itatuwa masu yawa. Kowace shekara ana dashe. Amma ku duba a garinku: icce nawa ne yake ganin damina ta biyu? Da yawa suna mutuwa da rani. Abu uku yake kashe su: awaki, da ƙishirwa, da gara. Dashe aikin yini ɗaya ne, reno kuwa aikin shekara biyu ne. Ga yadda za ku yi.

Ku fara da zaɓen wuri. Dogon yaro da mangwaro manya ne, saiwarsu tana tafiya nesa. Kada ku dasa su kusa da bango, ko rijiya, ko masai. Ku bar aƙalla mita 5 tsakani. In gidan ƙarami ne, ku zaɓi zogale, ko lemun tsami, ko gwaba.

Sai rami. Ku haƙa shi tun farkon damina, faɗi kamu ɗaya, zurfi kamu ɗaya, wato wajen santimeta 50. Ƙasar sama ku aje ta dabam, don ita ce mai ƙarfi. Ku gauraya ta da ruɓaɓɓen taki da toka kaɗan, ku mayar cikin ramin. Kada ku sa ɗanyen kashin dabba: yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara.

In ruwa ya zauna, daga watan Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin dashe ya yi. Ku dasa da marece, rana ta yi sanyi. Ku yanke gindin ledar, ku tsaga gefenta, ku cire ta a hankali, kada ƙasar da ke riƙe da saiwa ta warwatse. Kada ku binne iccen fiye da yadda yake cikin leda. Ku danna ƙasa da ƙafa, ku yi masa ɗan kwari kewaye don ruwa ya tsaya. In mangwaro ne mai aure, wurin auren ya zauna bisa ƙasa. Duk tohon da ya fito a ƙarƙashin auren, ku cire shi. Mai aure yakan yi ƴaƴa cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa ya fi daɗewa.

Shinge a ranar dashe ake yin shi, kada a ce sai gobe. Akuya ba ta bukatar yini guda kafin ta cinye wahalarku. Ku kewaye iccen da ƙayar magarya ko ta bagaruwa, ko da kara, ko da tubali mai ƴan ƙofofin iska. Tsawon shingen ya kai ƙirjin mutum. In za ku samo ƙaya, ku sari reshe, ku bar uwar iccen. A kwarin Majiya, wajen Buza, an soma dasa layukan dogon yaro a 1975 don kare gonaki daga iska. An sa masu gadi suna tsare su daga dabbobi har suka girma. Tsaron nan shi ya raya su.

Yanzu maganar ruwa. Daga ɗaukewar damina har zuwa faɗuwar wata, ran iccen yana hannunku. Guga ɗaya cike, kowane kwana biyu ko uku, ya fi yayyafi kullum. Ruwa mai yawa yana shiga ƙasa da zurfi, saiwa ta bi shi. Yayyafi kuwa a sama yake tsayawa, rana ta shanye. In ruwa yana da wuya a wurinku, ku binne tulun ƙasa kusa da iccen har wuya, ku cika shi, ku rufe bakin. Zai riƙa tsattsafowa kaɗan kaɗan wajen saiwa. Ruwan alwala ma yana da amfani: ku riƙa yin alwala a gindin iccen. Ruwan wanki mai sabulu da yawa, kada ku zuba masa.

Ku shimfiɗa busasshen ganye kewaye da gindin don laima ta daɗe, amma ku bar faɗin tafin hannu tsakaninsa da jikin iccen, saboda gara. In kun ga gara ta soma gini a jikinsa, ku kankare ginin, ku barbaɗa toka. Iccen da ƙishirwa ta raunana, shi gara ta fi kamawa.

Mata, ga naku. Zogale in ya kai mita 1, ku yanke kansa, sai ya yi rassa, ganye ya yi yawa, hannu kuma yana kaiwa. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa ga ƙamshi, ganyensa ga ƙunshi. Mai son fure a bakin ɗaki, tsohuwar tukunya ta isa. Ku huda gindinta, ku sa gutsuren kasko bisa hudar, ku cika ta da yashi da taki. Ku aje ta inda take samun hantsi, inuwa ta rufe ta da azahar. Tukunyar da ba ta da huda, ruwa yana kwanciya ciki, saiwa ta ruɓe.

Ga aikin wannan mako. Tunda kun iya rubutu, kowa ya ɗauki littafinsa ya rubuta sunan iccen da zai dasa, da ranar dashe, da sunan wanda zai riƙa ba shi ruwa. Ku nuna wa malaminku. Baɗi war haka, ku buɗe littafin, ku je ku duba iccen. Icce ɗaya da ya rayu ya fi goma da suka bushe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.