YAƁEN GIDA DA HAƘƘIN MAƘWABCI

Jawabin da wani akawun kotu ya karanta a taron tunawa da ma'aikatan En'en Zazzau

 

Da aka ce ni ma in tashi in ce wani abu a wannan taro, sai da gabana ya faɗi, gama ni yaro ne a cikinku, aikina kuwa bai wuce in zauna kusa da alƙali in rubuta abin da masu shari'a suka faɗa ba. Amma tun da ya ke umurnin manya ne, ba ni da ikon ƙi. Na duba abin da zan kawo muku, ban ga wanda ya fi cancanta ba kamar abin nan da ke kawo mana mutane ko wace damina, watau faɗuwar bango da katanga. Watakila wani ya ce, me ya haɗa akawu da laka? To, ga abin da ya haɗa mu.

Wata shekara, cikin watan Agusta, wasu maƙwabta biyu suka zo gabanmu daga wata unguwa ta cikin birni. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu tun zamanin kakanninsu. Ɗayansu ya sami wadata, ya sa aka shafe fuskar katangar ta wajensa da siminti, ya kuma karkato indararon ɗakinsa ya fuskance ta. Ɗayan kuwa ya ga katanga ta yi kyau daga can, sai ya saki jiki, ya daina yaɓe tasa fuskar. Ran nan da dare aka kwana ana ruwa, kafin asuba katanga ta kife kan ɗakin wata tsohuwa, ta karya mata ƙafa. Jikanta da ke kwance kusa da ita Allah ne kaɗai ya tsirar da shi. Alƙali ya aika aka kira wani tsohon magini, muka tafi tare. Tsohon nan ya ƙwanƙwasa sauran simintin da bai faɗi ba, sai muka ji yana amsawa kamar ganga. Ya sa hannu ya ɓamɓare shi, ga ƙasar ciki jiƙe sharkaf, gara ta yi hanyoyi a cikinta. An yi sulhu, an raba musu kuɗin gyara da na magani, amma har yanzu mutanen nan biyu ba su koma gaisawa kamar da ba. Tun daga ranar na shiga tambayar magina, abin da na samu kuwa shi zan gaya muku.

Da farko sai mu dubi ƙasar da mu ke zaune a kanta. Zariya tana bisa tudu ne, tsayinta daga teku ya wuce ƙafa 2,000, ga duwatsu sun kewaye ta, kamar su Kufena da Tukur-Tukur, ga Madarkaci cikin ganuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris kusan ba a ganin ɗigon ruwa, iskar hunturu ta busar da bango har ya tsattsage. Sa'an nan ruwan shekara duka, wajen inci 40, ya sauko cikin wata biyar ko shida, mafi yawansa Yuli da Agusta da Satumba. Hadarinmu daga gabas ya kan taso da iska, shi ya sa in kun lura bangon gabas ya ke riga sauran zaizayewa. Ban da wannan kuma, da ya ke gari ne mai gangare, ruwa ba ya tsayawa inda ya sauka, sai ya bi lunguna da gudu yana cin gindin katanga. Ashe ke nan gini yana da abokan gaba ta wuri uku, ta kai, da ta fuska, da ta gindi.

Magabatanmu sun san wannan sarai, ko wane wuri kuwa sun yi masa nasa magani. Ƙasar yaɓe ba a haƙo ta a shafa ran nan. Sai an kwaɓa ta da ciyawa da kashin doki, a tattake, a bar ta ta tsima kwanaki ana zuba mata ruwa, kana a sake cuɗawa. Ciyawar ita ke riƙe ta kada ta tsage in ta bushe. Fuskar bango a kan shafe ta da makuba, watau ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa, a kwaɓa jar ƙasa da ruwansa. Ita ce ke ba bango duhun ja ɗin nan da mu ke gani a tsofaffin zaurukan birni, ita ce kuma mata ke yayyafawa in suna daɓe. Inda ruwa ya fi duka, wasu su kan danna tsakuwa cikin ɗanyen yaɓe. Kan soro kuwa, da rawaninsa, da zankwaye, da bakin indararo, laso a ke sa musu. Laso abu uku ne a ke haɗawa. Akwai katsi, watau dagwalon da marina ke kwashewa daga gindin rijiyar rini, a busar a ƙone a daka. Akwai gashin awaki da a ke samu wurin majema. Akwai kuma yauƙin saiwar dafara. In an haɗa su, ruwa ba ya ratsa shi, har ma da shi marina ke shafe rijiyoyinsu na karofi. Gindin katanga kuma a kan yi masa dakali, don ruwan lungu ya ci dakalin ya bar ginin.

Ku dubi yadda sana'o'in gari suka riƙe juna. Magini yana bukatar marini, yana bukatar majemi, yana bukatar matan da ke sarrafa ɗorawa. Da rini ya ja baya, karofi da yawa suka mutu, sai katsi ya yi wuya, laso ya bi shi.

Wanda ke shakkar ƙarfin wannan aiki, sai ya tuna da Masallacin Juma'a na Zariya. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara aka gina shi, har da ɗakin shari'a a jikinsa, abin da ya sa mu ma'aikatan kotu mu ke ganin muna da rabo a cikinsa. Ya yi fiye da shekara 130 ruwa na dukansa, rana na dukansa, kafin a rufe shi da sabon gini na kankare cikin shekarun 1970. A lokacin an bar bakunan gizonsa a ciki, an kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos don masu neman sani. Me ya tsai da shi tsawon wannan zamani? Hannun magina ne, da ba ya daɗewa bai koma kansa ba. Haka mutanen Jenne ta ƙasar Mali su ke yi wa babban masallacinsu, wanda aka sake ginawa a 1907. Ko wace shekara gari duka ya kan fito a yaɓe shi.

Yanzu sai mu zo ga siminti. Ba na zarginsa, gama a jikin bulo ko dutse babu kamarsa. Amma a jikin ginin ƙasa, halinsu ya saɓa. Ƙasa ta kan kumbura in ta sha ruwa, ta ƙanƙance in ta bushe, siminti kuwa ba ya motsi. Saboda haka ba a daɗewa sai su rabu, ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to, haka ruwa ma. In ya shiga ta tsagar, ko ya taso daga gindi, ba shi da hanyar fita, don simintin ya toshe masa. Yaɓen ƙasa ya kan jiƙe ya bushe, in ya lalace kuma kowa ya gani. Siminti kuwa daga waje sumul, daga ciki ruɓa. A kotu mun san irin wannan mai shaida, mai kyawun riga da daɗin baki, wanda ba a gane ƙaryarsa sai ɓarna ta auku.

Kada ku ce mu kaɗai wannan ya sama. A ƙasar Amurka, cikin jihar New Mexico, ƙasa ce mai duwatsu da ƙarancin ruwa, akwai wata tsohuwar majami'a ta ginin ƙasa a garin Ranchos de Taos. A 1967 aka shafe ta da siminti don a huta da yaɓe. Ruwa ya shige bayansa ya ci ginin, tilas a 1979 aka ɓamɓare shi aka gyara. Tun daga nan mutanen garin suka koma yaɓe ta da laka da hannunsu ko wace shekara.

To, ga abin da na ke roƙo mu riƙe, mu kuma gaya wa jama'a.

Na farko, lokacin gyara rani ne. Da ruwa ya ɗauke, mai gida ya kewaya gidansa ya duba, ya tanadi ƙasa da makuba, a gama aiki kafin hadarin fari. Wanda ya bari sai Yuni, ruwa zai wanke masa ɗanyen yaɓe, ya yi hasarar kuɗinsa.

Na biyu, a fara daga sama. A hau soro a toshe tsaga, a share indararo, a tabbata ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango. Gyaran fuska alhali kai yana yoyo, wahalar banza ce.

Na uku, kafin a yaɓa sabo a kankare tsohon da ya saki, a yayyafa wa bango ruwa don ya kama. Rami mai zurfi a cike shi kaɗan kaɗan, ko wane shafi ya sha iska kafin a ƙara wani. Kada a yaɓa da tsakar rana ko cikin iska mai ƙarfi, don abin da ya bushe da gaggawa shi ke tsagewa.

Na huɗu, wanda ya riga ya sa siminti, ya riƙa ƙwanƙwasa shi ko wace shekara. Inda ya ji ya amsa kamar ganga, ya fasa ya duba, kada ya tsaya sai damina ta duba masa.

Na biyar, wanda ya fi shafarmu, kada kowa ya juya indararonsa ko magudanar gidansa kan katangar wani. Katangar da ke tsakanin gida biyu kuwa, a yi shawara a gyara fuskokinta tare. Malaman shari'a sun yi bayani mai yawa a kan hana cutar da maƙwabci, ruwan indararo kuwa yana cikin abin da suka ambata.

Iyayena, mun taru ne don tunawa da ma'aikatan En'e, wadda aka maye gurbinta da ƙananan hukumomi a 1976. Mutanen nan da yawansu cikin ɗakunan ƙasa suka yi aiki, kotuna da makarantu da gidajen hakimai, Sarkin Magina da mutanensa suna kula da gyaransu. Ba su ɗauki yaɓe ƙaramin abu ba. In muna son mu girmama su, ga hanya mai sauƙi. Hakimai su umurci masu unguwa su kewaya lunguna tun cikin Maris, su yi wa mai katangar da ta rune gargaɗi. A nemi tsofaffin maginan da suka rage, waɗanda suka san haɗin laso da makuba, a sa yara su koya wurinsu tun suna da rai. Tsohon nan da ya ƙwanƙwasa mana katanga ya gaya mini babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya gaji sana'ar.

Mu a kotu abin da mu ke iyawa shi ne mu rubuta wanda zai biya, bayan ƙafa ta riga ta karye. Ku kuwa kuna da ikon hana ta karyewa.

In na yi kuskure ku gafarce ni, ƙuruciya ce. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai mu damina lafiya, ya fisshe mu lafiya. Allah ya ja zamanin Sarki, amin.