Ƙari a Ƙwan Mace: Jawabin Ma'aikatan Lafiya a Taronmu na Bana

Mu da ke duba mata a asibiti an ba mu 'yan mintuna, kuma magana guda muka zo da ita: ƙarin da ke fitowa a ƙwan mace.

Kowace mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu, dama da hagun mahaifa. Wani lokaci ƙulli kan fito a jikin ɗaya. Mafi yawansu, musamman ga mai ganin al'ada, ba ciwon daji ba ne. Wani jakar ruwa ce kawai, takan baje da kanta cikin wata biyu zuwa uku. Wani kuwa sai an yi aiki. Akwai ma irin wanda in an buɗe shi akan tarar da kitse da gashi, har da haƙori. Mun san abin da ake faɗa a gida in an ga haka. Ba jifa ba ne, ba sammu ba. Irin tsiron ke nan, kuma yawanci da an cire shi magana ta ƙare.

Alamunsa ba su da hayaniya: nauyi a mara, ciwo a gefe guda, yawan fitsari, zane ya daina zagaye ƙugu alhali ba juna biyu. Mukan fara da gwajin ciki, sannan hoton mara, wanda a Katsina ake kira sikanin, a Maraɗi kuma ekogarafi. Abu ɗaya ne. Ga wadda al'ada ta ɗauke mata, akan ƙara gwajin jini na CA-125.

Abin da ya fi damunmu game da ku matafiya shi ne murɗewa. Ƙarin da ya wuce santimita 5 yana iya juya ƙwan ya toshe masa hanyar jini. Ciwo mai tsanani farat ɗaya, da amai. In wannan ya sami Hajiya a hanyar Jibiya ko Ƙonni, kada a ce bari a sauke kaya tukuna, kada a ba ta jiƙo. A nufi asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata, ko a wace ƙasa yake. Jinkirin sa'o'i na iya kashe ƙwan.

Aikin kansa iri biyu ne. Ko a yi 'yan ƙananan huji a shiga da kyamara, mace ta miƙe cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko a buɗe ciki, wanda ke buƙatar kamar mako shida ba ɗaukar buhu. Sau da yawa ƙarin kaɗai ake ɓarewa a bar ƙwan. Ko an cire ɗaya, lafiyayyen ɗayan ya isa haihuwa. Alhazai, a riƙe wannan, domin tsoron rasa haihuwa ke sa ake hana sa hannu.

Roƙonmu biyu. Abin da aka cire, a tabbata an kai shi ɗakin gwaji, a kuma koma karɓar sakamako. Takardar hoton kuwa, ko da Faransanci take ko da Ingilishi, a ajiye ta tare da takardun ƙetare iyaka. Likitan can yana buƙatar girman da aka auna da kwanan watan, don ya san ko ƙarin ya ƙaru.