Tsuntsuwar da ke Zaɓen Mace ko Namiji



Yau hirar tamu za ta kai mu tsibiran Seshel, can cikin Tekun Indiya, wurin wata 'yar tsuntsuwa da ba ta wuce girman ɗan tsako ba. Ƙwari ne abincinta, kuma yawanci ƙwai ɗaya tak take yi a lokaci guda. 'Yarta mace idan ta girma takan zauna gida, ta taya uwa kwanci da ciyar da ƙanne. Shi kuwa namiji, galibi da ya yi fiffike sai ya kama gabansa.

To, a shekarar 1997 wani masani ɗan ƙasar Holan, Jan Komdeur, da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gano. Inda ƙwari suka wadata, kuma uwa ba ta da mai taya ta, cikin ƙwai 100 kusan 87 mata ne. Inda abinci ya yi ƙaranci kuwa, kusan 77 maza ne. Kin ga dalili ai: gidan da ke da wadata, 'ya mace hannu ce ta ƙaru, gidan da babu, baki ne ya ƙaru, gara namijin da zai tafi. Har ɗauke wasu aka yi daga wurin yunwa zuwa wurin ƙoshi, sai ga masu yin maza sun koma yin mata.

Kada ki ɗauka zama take yi tana lissafi. A'a. Tun kaka da kakanni, uwayen da jikinsu ke yin haka su suka fi barin zuri'a, sannu a hankali halin ya bi jini.

Amma fa a lura, 'yar uwa. A tsuntsaye ƙwayar halittar da ke raba mace da namiji daga uwa take fitowa. A wurinmu mutane daga maniyyin uba take, uwa ba ta da zaɓi ko kaɗan. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji dangin miji sun sa baiwar Allah a gaba da gori, wai ta cika gida da mata, har a kai ga yi mata kishiya don neman magaji. A faɗin duniya ma, duk 'ya'ya mata 100 da aka haifa, akan haifi maza wajen 105.

Sai mako mai zuwa, a gaida yara.