Ina Wurin Ya Tafi? Manhajar Riga-kafi da Lissafin Rumbun Kwamfuta



A shekarar 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta Brain, wadda ake ɗauka a matsayin ƙwayar cuta ta farko da ta kama kwamfutoci samfurin IBM. A lokacin, jerin cututtukan da aka sani bai cika shafi guda ba. Yau cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana rajistar sabbin miyagun manhajoji sama da 450,000 kowace rana. Kowace manhajar riga-kafi tana riƙe da kundin alamomin da take gane waɗannan cututtuka da su, kundin kuma a rumbun mai kwamfuta yake kwana.

Ba kofi ɗaya ake ajiyewa ba. Microsoft Defender yana da folda mai suna Definition Updates, inda akwai babban fayil na tushe, da ƙananan fayiloli masu ɗauke da ƙarin da ya shigo, sannan da foldar ajiya ta kundin da ya gabata. Wanda ya ga wannan ɓarna ce, bai ji labarin ranar 21 ga Afrilu, 2010 ba. A ranar kamfanin riga-kafi na McAfee ya fitar da kundi mai lamba 5958, wanda ya ɗauki svchost.exe, fayil ɗin da Windows XP ba ta iya aiki sai da shi, a matsayin cuta. Kwamfutoci a asibitoci da makarantu da ofisoshin 'yan sanda a Amurka suka yi ta mutuwa suna tashi. Idan sabon kundi ya zo da aibi, tsohon ne mafaka. Wannan wurin da aka ci, da hujja aka ci shi.

Akwai kuma wurin da ba a ci ba, amma lissafi ya ce an ci. Nan ne masu gyara da yawa suke faɗawa rami.

Tun daga Windows 2000, tsarin NTFS ya ba da damar a yi folda wadda ba ta ɗauke da komai, aikinta kawai ta nuna wata folda, wato mahaɗa. Ɗaki ne guda mai ƙofa biyu: wanda ya shiga ta gabas ya ƙirga buhu goma, ya zagaya ta yamma ya sake ƙirga goma, zai rantse buhu ashirin ne a gidan. Symantec Endpoint Protection yana amfani da wannan dabara. Foldarsa mai suna CurrentVersion mahaɗa ce da ke kai mutum cikin foldar da ke ɗauke da lambar fitowar manhajar. Manhajar awon wuri da ba ta gane mahaɗa ba sai ta ninka girman kundin. Mai kwamfuta ya ga "kofi biyu", ya shiga ɗaya ya share abin da ke ciki, ashe na ainihin ya share.

Windows da kanta ta fi kowa wannan wasa. Tun Vista, foldar WinSxS cike take da fayilolin da suke da suna biyu ko fiye, ɗaya a can, ɗaya a System32, alhali bayanan wuri ɗaya suke zaune. Explorer yana ƙirga kowane suna da cikakken nauyinsa. Shi ya sa a Windows 8.1 aka ƙara wa DISM, manhajar gyaran Windows, umarnin AnalyzeComponentStore, wanda ke bambanta girman da ake gani da girman gaskiya. Wani abin dariya ma, mahaɗar Application Data da ke cikin AppData\Local tana nuna foldar da ita kanta take ciki. Robocopy, umarnin kwafar fayiloli, in ba a sa masa /XJ ba, yana iya bin ta yana kwafa, folda cikin folda, har rumbun da ake kwafa a kai ya cika.

Matsalar ta fi ciwo a ƙananan laftof masu rumbun gigabait 32 ko 64, irin na hannu da ɗalibai ke saye saboda araha. A kansu gigabait biyu ma dukiya ce.

Mai gyara da ya san aikinsa yakan fara da umarnin dir /AL, wanda ke fito da mahaɗun da ke cikin folda. Sannan ya dubi adadin wurin da ya rage a rumbun gaba ɗaya, domin shi ba ya ninka lissafi. Idan da gaske tsofaffin kundaye ne suka taru, kamar yadda yake faruwa a sabar ofis da ke raba wa kwamfutoci kundin Symantec, akwai wurin da ake rage yawan kofin da za ta riƙe a cikin saitinta. Tun fitowa ta 14 a 2016, Symantec ya mayar da babban kaso na alamomin zuwa intanet, kundin da ke kan kwamfuta ya ragu sosai, sai dai cikakkiyar kariyar ta koma tana jingine da data.