Frankie Knuckles da Asalin Kiɗan House a Chicago

Kiɗan house, wanda ake ji yau a gidajen rawa na duniya, ya samo sunansa daga wani gidan rawa mai suna Warehouse da ke titin South Jefferson a birnin Chicago na Amurka. Wanda ya raini wannan kiɗa a can shi ne Frankie Knuckles, DJ da aka haifa a unguwar Bronx ta New York a 1955. Ya koyi sana'ar tare da abokinsa Larry Levan a gidajen rawar New York, sannan ya koma Chicago a 1977 bisa gayyatar Robert Williams, mai gidan Warehouse.

Mafi yawan masu zuwa gidan baƙaƙen fata ne, da yawansu masu neman jinsi ɗaya, waɗanda ba a maraba da su a sauran wuraren shaƙatawa na birnin. Ba a sayar da giya a ciki, kiɗan ne kawai ke kawo mutane, kuma sukan kwana suna rawa har gari ya waye. Abin da Knuckles ke saka musu shi ne faifan disko da soul, tare da wasu faifai na Turai da ake haɗawa da na'urorin lantarki.

A watan Yulin 1979 aka tarwatsa tarin faifan disko a filin wasa na Comiskey Park, a wani gangamin nuna ƙyama ga kiɗan. Daga nan manyan kamfanonin faifai suka ja baya daga disko, sabbin faifai suka yi wuya. Wannan ƙarancin ne ya sauya aikin Knuckles. Sai ya riƙa ɗaukar tsofaffin waƙoƙi a kan zaren tef, ya yanka, ya liƙa, ya tsawaita gaɓar da ya ga ta fi motsa masu rawa, ya rage abin da ke sanyaya musu jiki. Waƙar da kowa ya sani sai ta dawo sabuwa, kuma ba inda za a ji ta haka sai a Warehouse. Shagunan faifai suka fara ware irin abin da yake sakawa da sunan house.

Bayan ya bar Warehouse a 1982 ya buɗe nasa gidan, Power Plant. A nan ya fara ɗora bugun na'urar ganga a ƙarƙashin faifai, musamman Roland TR-909 da ya saya daga Derrick May na Detroit. Bugun ya zama mai nauyi, guda huɗu a kowane zagaye, ba ya tsinkewa daga waƙa zuwa waƙa. Matasan Chicago da suka ji haka suka gane cewa da ƙaramar na'ura mutum zai iya haɗa kiɗa a ɗakinsa. Jesse Saunders ya fitar da "On and On" a 1984, Knuckles kuma ya yi aiki da Jamie Principle a kan "Your Love". A Janairun 1987 "Jack Your Body" ta Steve Hurley ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya. Daga baya kiɗan ya kafu a Afirka ta Kudu, inda kwaito da amapiano suka tsiro daga jikinsa.

Knuckles ya karɓi kyautar Grammy ta farko da aka ware wa masu sake haɗa waƙa a 1998, aka sa wa titin Warehouse sunansa a 2004, ya rasu a 2014. Babbar gudummawarsa ita ce ya nuna cewa mai saka faifai, idan ya san jama'arsa, shi ma mahaɗin kiɗa ne. A 2023 hukumomin Chicago suka sanya ginin Warehouse cikin wuraren tarihi na birnin.