Wa Zai Yi wa Tumaki Ciyawa? Ɗan Ƙauye Tsakanin Boko, Allo da Sansanin 'Yan Sikawut

    

An ce in yi magana kan abin da yaranmu ke koya a wajen aji, musamman harkar sikawut da fita sansani. Na shekara da yawa ina riƙe da alli, amma yau da bakin uba zan fara, don a zauren gidanmu maganar ta same ni.

Ƙarshen watan Yuli ne, saura 'yan kwanaki a ba da dogon hutu. Ɗana na uku, yana aji biyar na firamare a lokacin, ya shigo da wata takarda da ya ninke ta har ta kusa yagewa. Ana neman izini a tafi da shi sansani kwana uku. An jera abin da zai riƙe: tabarma, mayafi, kwano da cokali, tocila, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, sai kuɗin mota. Na karanta wa mahaifiyarsa, tana tankaɗe tana saurara. Da na kai ƙarshe ta kaɗe rariya ta ce, "To, wa zai yi wa tumakin ciyawa?" Da daddare na kai wa Baba, mahaifina, maganar a zaure. Shi ko takardar bai kalla ba. Ya ce, "Wa zai tafi da su? Ɗan gidan wa ne?"

A ranar haushi na ji. Ga ni malamin makaranta, ga gidana na yi wa ilimi tarnaƙi da ciyawar tumaki. Sai daga baya na gane cewa takardar ce ba ta san inda aka aiko ta ba.

Ku dubi ƙasar da muke zaune. Daga Ungogo ka kama hanyar Minjibir, ko ka bi ta Dawanau zuwa Bichi, ko ka miƙe zuwa Dambatta da Makoda, gona ce ke bin gona, sai gawo da ɗorawa da kuka a tsaitsaye a tsakani. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da kuma Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Ya nuna cewa tun a lokacin mafi yawan ƙasar kewayen Kano nomanta ake yi duk shekara ba hutu, kuma taki ne ke riƙe da ita. Mu ba mu buƙaci Bature ya gaya mana ba, mun ga jakuna da mangala tun muna yara. Amma a bi maganar zuwa ƙarshenta. Inda babu saura, babu makiyaya. Inda babu makiyaya, da zarar an yi shuka sai a ɗaure dabbobi a turke har a kawar da amfanin gona. Dabbar da ke turke kuwa ba ta ci sai an kai mata, kuma mai kai mata shi ne wannan yaron ɗan shekara goma, da laujensa da buhunsa, safe da yamma. Takin da ta tara a turken shi za a kai gona da rani, shi zai ba da geron baɗi. Ashe tambayar uwargidana ta rumbu ce.

Sannan ku lissafa makon yaron nan tare da ni. Asuba yana makarantar allo. Ƙarfe bakwai da rabi yana hanyar boko, daga Litinin zuwa Juma'a. Ya dawo, ya kai niƙa, ya ɗebo ruwa, ya tafi ciyawa. La'asar Islamiyya. Bayan magariba karatun dare. Makarantar allo tana hutu Alhamis da Juma'a, ranakun da boko ke ci. Boko tana hutu Asabar da Lahadi, ranakun da Islamiyya ke karɓe safiya gaba ɗaya. Lahadin ma kasuwar Dambatta na ci, akwai mai rakiyar akuya, akwai mai tallar dafaffiyar gyaɗa. Ku nuna mini rana ɗaya cikin bakwai da duk masu iko da yaron nan suka sake shi tare. Babu ita. Kowa ya yanki rabonsa, kuma ba su taɓa zama wuri guda sun yi shawara ba.

Uwa kuma, wadda ba ta fita, yaron nan ne ƙafarta. Shi ne cefane, shi ne aike gidan suna, shi ke kai ƙosai bakin hanya ya dawo da cinikin da za a sayi omo da ashana. Wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970 ta rubuta yadda sana'ar matan kulle ta dogara kacokan kan yara. A daidai wannan lokacin, 1976, aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, aka kwashi yaran zuwa aji. Gwamnati ta sake ɗaura ɗamara da magajinsa UBE a 1999, Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, aka kuma sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Duk abin a yaba ne. Sai dai kyauta a bakin gwamnati daban, kyauta a bakin uba daban. Akwai yunifom, akwai takalmi, akwai littafin rubutu, akwai kuɗin tara kullum safiya, ga kuɗin Laraba na malamin allo da ba a isa a hana ba. A kan wannan duka takardar sansani ta zo tana neman kuɗin mota, tana kuma neman kwana uku na tsakiyar damina, ana cikin maimai.

Daga ina sikawut ta taso ma? Wani hafsan sojan Ingila, Baden-Powell, shi ya tara yara ashirin a tsibirin Brownsea a watan Agustan 1907, ya raba su ƙungiya huɗu, suka kwana a tanti suna dafa abincinsu. Shekara ta gaba ya fitar da littafinsa, abu ya bazu, ya iso Najeriya a 1915, ta 'yan mata ta biyo baya a 1919. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne yaran biranen Ingila, waɗanda suka tashi cikin hayaƙin masana'antu, ba su san daji ba, jikinsu ba ƙwari. Yaƙin da Ingila ta yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya tona asirin haka, don an yi ta mayar da masu neman shiga soja saboda rashin ƙoshin lafiya. Maganin da ya haɗa musu ke nan: a fitar da su fili, a koya musu hura wuta, ɗaurin igiya, bin sawu, kwana a ƙasa.

To ku ɗauki wannan magani ku kawo wa ɗan Kunci ko ɗan Tsanyawa. Za ka koya masa hura wuta, shi da yake haɗa wutar karatun dare da kara tun yana shekara shida? Za ka koya masa ƙulli, shi da ke ɗaure ɗan maraƙi ya kwana bai kwance ba? Kwana a tabarma kuwa, ai ba ya buƙatar kuɗin mota kafin ya same shi. Kai wa mai rijiya ruwa ke nan. Fita daga gida don a horu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: gardawa sun daɗe suna fita kiskadi, samari suna da gayya da sarkinsu, 'yan agajin Fityanul Islam da na Jama'atu da na Izala suna da kakinsu da faretinsu da sansaninsu.

Duk da haka na bar shi ya tafi. Yayansa ya karɓi laujen bisa sharaɗin za a biya shi da kwana uku idan an dawo, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin a daidaita. Baba kuma bai yarda ba sai da malamin da zai jagorance su ya zo zaure da kansa, ya tsuguna, aka tambayi sunan mahaifinsa da kakansa aka gane gidansu.

Yaron ya dawo rana ta huɗu da ɗankwali a wuya da usur, muryarsa ta dishe. Ya shiga zaure da sallama, ya miƙa wa kakansa hannun hagu. Jama'a, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Su 'yan sikawut a duk duniya da hagu suke musafaha, alamar 'yan'uwantaka ce a wurinsu, kuma an koya masa da zuciya ɗaya. Ba wanda ya tuna ya gaya masa cewa a ƙofar zaure wannan darasi yake ƙarewa. Baba ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce, "Wannan ne abin da aka biya kuɗin mota a koyo?" Mun sha fama kafin maganar ta mutu.

Amma akwai abin da ya koyo wanda ban taɓa gani a gidanmu ba, ban kuma gani a ajina ba. An ba shi yara shida ya shugabanta. Kafin a ci abinci sai ya ƙirga su. Kafin a kwanta sai ya ƙirga su. In za a tashi daga wuri zuwa wuri, sai ya kira sunan kowa ya ji amsa, sannan ya je ya gaya wa malam sun cika. Bayan sati biyu ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta za su tafi ɗibar ruwa, na jiyo shi a ƙofar gida yana cewa, "Ku tsaya. Mu nawa ne?" Ɗan ƙauye ya iya aiki, ya iya biyayya, an aike shi sau dubu. Abin da ba a cika ba shi ba shi ne a ce ga mutum shida a wuyanka, in ɗaya ya ɓata kai za a tambaya. Ya kuma dawo ya san cewa ba a tsaga saran maciji a tsotsa, ya san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Waɗannan su ne ribar tafiyar, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ke buƙatar tanti.

Na daɗe a kan ƙirgar nan saboda dalili, kuma kun san shi. Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021, jirgin ruwa ya taso daga Badau zai tsallaka dam ɗin Watari zuwa Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, yara ƙanana, za su taron Mauludi. Jirgin ya kife. Cikin kwana guda an tsamo gawa 29, adadin kuma ya ƙaru daga baya. Rahotanni sun ce lodi ya yi yawa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Wa'adi ba ya wuce ranarsa, mun yi imani da haka. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi. Muna da dam ɗin Watari, muna da na Tomas, muna da na Wasai, ga kududdufai a bayan kowane gari, kuma muna fita da yara Mauludi da musabaƙa da faretin 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba, a bayan a-kori-kura, wani kan wani. Yara nawa cikinsu suka iya iyo? Manya nawa cikin masu rakiya ke riƙe da takardar sunayen waɗanda suka ɗauko? In harkar sikawut za ta koya wa yankin nan waɗannan biyu kaɗai, ta biya kuɗin ɗankwalinta.

Tambayar Baba kuwa nauyi ta ƙara. Tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashi ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, da na Jangebe a Fabrairun 2021 inda aka tafi da 'yan mata 279, har gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na bayan gari, babu uban da zai ji an ce ɗansa zai kwana a fili gabansa bai faɗi ba. Mutanen Shanono da Tsanyawa da ke bakin iyakar Katsina sun fi kowa sanin wannan. Duk malamin da ya kira irin wannan uba jahili, shi ne bai san zamanin da yake ciki ba. 'Ya'ya mata ma ba a kai ga maganarsu ba. Ƙanwar yaron nan ta yi kuka ta ce ita ma sai ta je, kuma ni da nake tsaye gabanku ban bar ta ba. Da a ce da rana ake yi, a cikin gari, a hannun malama mace da uwarta ta sani, da na bar ta.

Shawarata ga masu shirya abin nan ƙarama ce. Ku bar watan Agusta, na gona ne. Ku jira a yi girbi, a sa dawa a rumbu, a ɗaure harawa a kan bishiya, a saki dabbobi su bi karmami. Hutun Disamba yaro ya fi samun sarari, sai dai a haɗa shi da bargo saboda hunturu. Ku kafa sansanin a filin makarantar gari, inda mai unguwa zai leƙo bayan isha'i, uwa ta aiko da tuwo in ta ga dama. Ku je wurin malamin allo da na Islamiyya tun da wuri ku roƙi kwanakin, don a hannunsu za ku ara, kuma mai aro shi ke zuwa har gida. In ma an nace sai da damina, to a sa gayya cikin shirin: yara talatin da lauje za su tara wa gida biyar ciyawar kwana uku kafin azahar.

Na gwada faɗa wa mahaifiyar yaran wannan shawara tun kafin in kawo muku ita. Ta ce ta ji, Disamban ma ba laifi. Sai ta tuna mini cewa lokacin ne ake kai taki gona, kuma jakin gidanmu ba ya yarda da kowa sai shi.