Jawabin Shugabar Kwas a Bikin Yaye Malaman Turanci na Firamare

Mai girma Hakimi, Sakataren Ilimi, shugabannin makarantu, iyayenmu, da malaman da muke yayewa yau.

Yawancinmu da ke zaune a rumfar nan da bulala muka koyi Turanci. Malam ya rubuta a allo, mu yi ta rerawa, monita kuma na gefe yana rubuta sunan duk wanda Hausa ta kuɓuce masa. Mun haddace kam, amma da baƙo ya tambaye mu hanyar tasha sai mu yi tsuru-tsuru.

Tun a shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Asher, ya lura cewa jariri yakan daɗe ana ce masa "zo nan", "miƙo mini", yana aikatawa, kafin bakinsa ya buɗe. A kan haka ya gina hanyar da muka horar da ku a kanta, har ya fitar da littafinta a 1977. Malama ta ce "jump" tana tsalle, yara su yi tsalle. Gobe ta faɗa tana tsaye cik, su yi da kansu. Ba a matsa wa kowa sai ya furta. Shirun yaro a makonnin farko ba daƙiƙanci ba ne, kunne ne ke tara guzuri.

Tatsuniya kuwa ba aro muka yi ba, a ɗakin kakanninmu muka same ta. Yaron da ya san Gizo zai yaudari kura ba ya ɓacewa idan aka ba shi labarin da ɗan Turanci mai sauƙi, domin zaren yana hannunsa. Ku sa wannan yaro ya zama Gizo, waccan yarinya Ƙoƙi, sauran su yi kukan kura. Kalmar da ta yi ta dawowa cikin labari ta fi saurin zama.

Ranku ya daɗe shugabannin makarantu, ga roƙona. Idan kun ji aji biyu ya kaure da tsalle da shewa, kada ku taho da dorina, darasi ake yi. Benci ya yi yawa, a bar su su fita gindin darbejiya. A kuma daina cin tarar yaro don ya yi Hausa, tunda da ita yake gane abin da Gizo ya ƙulla.

Allah ya sa albarka a wannan ilimi, ya ba ku haƙuri da 'ya'yan mutane. To, 'yan'uwana malamai, "stand up", ku matso mai girma Hakimi ya miƙa muku shaidarku.